Wutar Nafɗu a Ganuwar Akka, da Iyakar da Shari'a ta Sa wa Wuta a Yaƙi

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci wuta ya hore mana ita domin girki da haske da ƙira, ya kuma sanya ta tunatarwa ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a karatun da muke yi tsakanin Magariba da Lisha mun iso babin jihadi a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, inda marubucin, Allah ya jiƙan shi, ya yi magana kan yaƙar abokan gaba da wuta. Sai wani ɗalibi ya tambaye mu wace irin wuta ake nufi, alhali a wancan zamani babu bom, babu jirgin sama. Wani saurayi kuma ya ce shi ya ji ana faɗin tun da magabata sun yi yaƙi da wuta, to ƙona maƙiyi halal ne. Tambayar farko ta tarihi ce. Ta biyu kuwa tana iya kai mai riƙe da ita ga halaka. Shi ya sa muka ga ya kamata mu amsa su tare a rubuce, domin wanda bai halarci karatun ba shi ma ya samu rabonsa.

Ku sani cewa yaƙin da, mafi yawansa yaƙin ganuwa ne. Wanda ya ga sauran ganuwar Birnin Damagaram zai gane abin da muke nufi, sai dai ganuwar biranen Sham da Rum ta dutse ce, da hasumiyoyi, da rami mai zurfi kewaye da ita. Mai son cin irin wannan gari ko dai ya yi masa ƙawanya har yunwa ta buɗe ƙofa, ko ya jefe shi da manjaniƙ, wato wata babbar majaujawa ta katako mai cilla duwatsu, ko ya haƙa rami ƙarƙashin ganuwa ya tokare shi da itace sannan ya cinna wa itacen wuta ganuwar ta rufta, ko kuwa ya gina abin da zai fake a ciki ya matso da shi har gindin bango. Kayan mahara duka na itace ne da fata da igiya. Saboda haka babban makamin waɗanda ke cikin gari shi ne wuta.

Musulmi sun fara ɗanɗana wannan tun zamanin Manzon Allah (S.A.W.). A shekara ta 8 bayan hijira, wato 630 miladiyya, bayan yaƙin Hunaini, aka yi wa Ɗa'ifa ƙawanya. Masu sira sun ruwaito cewa an kafa manjaniƙ, kuma wasu sahabbai sun shiga ƙarƙashin wata rumfa ta itace da aka lulluɓe da fatar shanu, ana kiran ta dabbaba, suka tura ta zuwa bango domin su fasa shi. Mutanen Saƙifa suka gasa sandunan ƙarfe har suka yi ja, suka jefo su a kan fatar, ta kama da wuta. Da sahabbai suka fito daga ƙarƙashinta sai aka bi su da kibau, wasu suka yi shahada. A ƙarshe Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗage ƙawanyar, da aka nemi ya yi musu mummunar addu'a kuma sai ya roƙa musu shiriya, kuma a shekarar da ta biyo baya wakilansu suka zo Madina suka musulunta.

Mutane da yawa suna zaton tafasasshen mai ake kwarara wa mahara daga kan ganuwa a kowane yaƙi. An yi hakan, amma ba kasafai ba. Man zaitun abinci ne, kuma garin da aka tsare wata da watanni ba ya zubar da abincinsa. Tafasasshen ruwa ya fi araha, haka rairayi da aka soya a wuta, wanda ke shiga ta kafofin sulke ya manne a jiki. Man da ya sauya sha'anin yaƙi wani ne daban, wanda ba a ci. Larabawa suna kiran shi nafɗu, shi ne ɗanyen man fetur, irin wanda ake haƙowa a Agadem a kawo matatar Damagaram tun daga shekara ta 2011. A wancan zamani ba a haƙa rijiya mai zurfi domin shi, yana tsattsafowa ne da kansa a wurare kamar Baku, bakin tekun Hazar, da Kirkuk a Iraƙi. Abubakar Ar-Razi, likitan nan da ya rasu wajen shekara ta 925, ya bayyana yadda ake tace baƙin nafɗu a fitar da fari daga cikinsa, wanda ya fi shi saurin kamawa.

Rumawa ne suka fara shahara da shi. Littattafansu sun ce wajen shekara ta 672 wani magini mai suna Kalinikus ya gudu daga ƙasar Sham ya je Ƙusɗanɗiniyya, wadda ake kira Istambul a yau, ya kai musu wani haɗi na wuta mai gudana. Sukan ɗora tukunyar haɗin a jirgin ruwa, su zafafa shi, su feso shi ta bututun tagulla, ya faɗa kan jirgin abokan gaba yana ci, ya kuma ci gaba da ci a bisa ruwa. Da wannan wuta suka ƙone jiragen Musulmi lokacin da Maslama ɗan Abdulmalik ya tsare birnin a shekarun 717 da 718, har Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, Allah ya yarda da shi, ya ba da umarnin rundunar ta komo gida. Birnin bai shiga hannun Musulmi ba sai a 1453. Sarakunan Rum sun ɓoye sirrin haɗin nan ƙwarai, har ɗayansu ya rubuta wa ɗansa wasiyya kada ya kuskura ya ba wata al'umma shi ko da sun roƙa. Suka yi ta ɓoyewa har ya ɓace musu su kansu, shi ya sa har yanzu masu bincike suna saɓani a kan ainihin abin da ke ciki.

Musulmi suka yi nasu. A zamanin Abbasiyawa akwai rukuni na musamman a cikin runduna, ana kiran su naffaɗuna, masu sanya tufafin da ba su saurin kama wuta. Sun fi amfani da tukwane da ƴan tulunan yumɓu da ake cikawa da nafɗu haɗe da farar wuta da ƙaro, a jefa da hannu ko da manjaniƙ. Wani malami, Murɗa Aɗ-Ɗarsusi, ya wallafa wa Salahuddin littafi kan makamai, a ciki ya keɓe sashe domin haɗe-haɗen nafɗu.

Abin da ya faru a Akka

Akka gari ne na bakin teku a Falasɗinu. Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓe shi daga hannun Nasaran Turai, waɗanda littattafanmu suke kira Ifranji, a shekara ta 1187, ƴan kwanaki bayan nasarar Hiɗɗin, kafin ya buɗe Ƙudus a watan Oktoba na wannan shekara. A watan Agusta na 1189 Ifranji suka komo suka kewaye garin ta tudu, jiragensu kuma suka tsare shi ta teku. Salahuddin ya zo ya kewaye su su ma. Ya zama Musulmi a cikin gari, Ifranji a tsakiya, Musulmi kuma a bayansu, aka zauna haka kusan shekara biyu. Mai riƙe da garin shi ne Baha'uddin Ƙaraƙush, wanda ya shugabanci ginin ganuwar Alƙahira. Halifan Bagadaza, An-Nasir, da aka nemi gudunmawarsa, ya aiko da kaya biyu na nafɗu da wasu naffaɗuna, da takardar izinin a ranci dinari 20,000 daga hannun fatake da sunansa. Salahuddin ya karɓi nafɗun da mutanen, ya mayar da takardar.

A lokacin sanyi Ifranji suka duƙufa suka gina hasumiyoyi 3 na katako masu tafiya a kan ƙafafu. Ibnul Asir ya ce tsawon kowace zira'i 60 ne, tana da hawa 5, kowane hawa cike da mayaƙa. Alƙali Ibn Shaddad, wanda yake cikin sansanin Salahuddin yana gani da idonsa, ya ce ana hangen su kamar duwatsu, sun ɗara ganuwar garin tsawo. Sun san da wuta za a tare su, saboda haka suka lulluɓe su da fatu da aka jiƙa da hallu, wato ruwan inabi mai tsami, suka shafe da laka da wasu magunguna masu hana wuta ci. Suka cike wani sashe na ramin ganuwa, ranar 20 ga Rabi'ul Awwal na shekara ta 586 suka turo su ta fuska uku. Maharban da ke saman hasumiya suka kori masu tsaron ganuwa, domin yanzu daga bisa ake harbo su. Mutanen gari suka aika da mai ninƙaya ya ratsa ta teku ya gaya wa Salahuddin garin na gab da faɗuwa. Ya hau da rundunarsa ya auka wa Ifranji ta baya domin ya raba musu hankali, aka yi kwana 8 ana gwabzawa dare da rana. Naffaɗuna sun yi ta jifa, tukunya ta fashe a jikin fata, wutar ta ɗan ci ta mutu.

To, a cikin garin akwai wani mutumin Dimashƙa. Ibn Shaddad ya ce saurayi ne maƙerin tagulla. Imaduddin, magatakardan Salahuddin, ya ambaci sunansa Ali, ɗan shugaban maƙeran tagulla na Dimashƙa. Ba soja ba ne, ba ya cikin naffaɗuna. Sha'awarsa ce kawai tara kayan aikinsu da neman magungunan da ke ƙara wa wuta ƙarfi, har waɗanda suka san shi suna zargin sa a kan ɓata lokaci da abin da ba sana'arsa ba. Ya je wurin Ƙaraƙush ya nemi a umarci mai manjaniƙ ya jefa abin da zai ba shi. Ƙaraƙush yana cikin ɓacin rai da tsoron faɗuwar gari, ya daka masa tsawa, yana ganin abin da gwanaye suka kasa ba wannan ne zai iya ba. Wani daga cikin waɗanda ke wurin ya sa baki, ya ce a bar shi ya gwada tun da babu abin da za a rasa, mai yiwuwa a hannunsa Allah ya sanya mafita. Aka ba shi dama.

Dubarar da ya yi ita ce wurin lura. Ya dafa haɗinsa a tukwanen tagulla, amma tukwanen farko da ya sa aka jefa babu wuta a cikinsu. Suka fashe a jikin hasumiya, man ya malale, babu abin da ya kama. Ifranji da ke saman suka ga haka suka shiga ihu da rawa suna yi wa Musulmi ba'a. Shi kuwa abin da yake so ke nan, man ya jiƙa fatar da lakar, ya tsiyaya ta tsaguwar katako har hawa na ƙasa. Da ya tabbata ya ratsa ko'ina, sai ya sa aka jefa tukunya mai wuta, aka bi da ta biyu da ta uku. Hasumiyar ta kama gaba ɗaya daga sama har ƙasa, waɗanda ke cikinta ba su samu hanyar fita ba. Ya juya ga ta biyu, amma mutanenta sun riga sun gudu, ya ƙone ta, haka ta uku. Wannan ya faru ranar 28 ga watan, daidai da 5 ga Mayu 1190. Aka kai shi gaban Salahuddin, ya yi masa tayin dukiya mai yawa da ƙasar da zai ci harajinta. Ya ƙi karɓar ko ɗaya, ya nuna domin Allah ya yi, a wurinsa kaɗai yake jiran sakamako.

Mukan tuna wannan bawan Allah duk lokacin da muka ji ana raina maƙeri, ko muka ga uba yana hana ɗansa na madarasa karatun kimiyya da sunan ba ilmin lahira ba ne. Akwai malamai da jarumai da sarakuna a Akka ranar nan, amma wanda ya san halin mai da tagulla shi Allah ya yi amfani da shi. Malamanmu sun daɗe da sanya sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa daga barin su a cikin farali na kifaya.

Sai dai kada mu ƙara wa labari gishiri. Wutar ta jinkirta faɗuwar garin ne kawai. Sarkin Faransa Filib da sarkin Ingila Rishar suka iso da sababbin runduna a 1191, aka rushe ganuwar da manjaniƙ da haƙa, garin ya sallama ranar 12 ga Yuli. Ranar 20 ga Agusta Rishar ya sa aka fito da kamammun Musulmi a ɗaure aka kashe su a fili, Ibn Shaddad ya ce sun kai kimanin 3,000. Akka ba ta komo hannun Musulmi ba sai a 1291, shekara ɗari cif.

Akwai kuma shafukan da masu son labarin nasara ba su cika karantawa ba. A shekara ta 64 bayan hijira, wato 683, rundunar Yazidu ƙarƙashin Husaini ɗan Numairu ta tsare Abdullahi ɗan Zubairu (R.A.) a Makka, ta kafa manjaniƙ a kan duwatsu, a cikin haka Ka'aba ta kama da wuta. Masu tarihi sun saɓa, wasu sun ce daga jifar mahara ne, wasu sun ce tartsatsi ne iska ta kwaso daga wutar wani na cikin masu tsaro. Ko ma wanne ne, Ɗakin Allah ya ƙone a yaƙin da Musulmi ne a ɓangarorin biyu, Baƙin Dutse ya tsage, sai da Ibn Zubairu ya ɗaure shi da azurfa. A shekarun 812 da 813 ƴaƴan Haruna Rashid biyu, Amin da Ma'amun, suka yi faɗan sarauta, aka yi ta jifar unguwannin Bagadaza da nafɗu da duwatsu, birnin da bai wuce shekara 50 da ginawa ba. A 1168 kuma wazirin Masar, Shawar, da ya ji sarkin Ifranji na Ƙudus yana tafe, ya umarci mutanen Fusɗaɗ, garin da Amru ɗan Asi (R.A.) ya kafa, su fita su bar gidajensu, ya sa aka cinna masa wuta. Al-Maƙrizi ya ce an yi amfani da tuluna 20,000 na nafɗu da jiniyoyin wuta 10,000, garin ya yi kwana 54 yana ci. In aka auna, abin da wannan wuta ta cinye na gidajen Musulmi ba ƙarami ba ne.

Hukuncin

Yanzu mu koma ga tambayar saurayin nan. Asalin babin shi ne hadisin Abu Huraira (R.A.) da Buhari ya ruwaito. Manzon Allah (S.A.W.) ya aike su wani hari, ya ambaci mutum biyu ya ce in an same su a ƙona su. Da suka zo sallama sai ya janye wannan umarni, ya bayyana cewa azabtarwa da wuta ta Allah ce shi kaɗai. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙona a wata tafiya, ya yi inkarin haka da wannan dalili. Lokacin da Sayyidina Ali (R.A.) ya ƙona wasu zindiƙai, Ibn Abbas (R.A.) ya fito fili ya ce da shi ne ba zai ƙona su ba, ya kafa hujja da hanin. A cikin Muwaɗɗa kuma akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar (R.A.) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai ƴaƴa, da rushe gine-gine, da ƙona ƙudan zuma, ya kuma ce a ƙyale waɗanda suka keɓe kansu domin ibada a ɗakunan bautarsu.

A kan jifa da wuta a lokacin da yaƙi ke ci, Ibn Rushd ya kawo saɓani a Bidayatul Mujtahid. Wasu sun ƙi shi, an danganta wannan ga Sayyidina Umaru (R.A.) an kuma ruwaito shi daga Imamu Malik. Sufyanus Sauri ya halatta. Wasu suka ce sai in maƙiyi ne ya fara. Shaihu Halilu, wanda ake wa laƙabi da Al-Jundi saboda yana cikin rundunar Masar, ya san abin da yake magana a kai. Ya halatta wuta da sharaɗi biyu: ya zama babu wata hanya sai ita, kuma babu Musulmi a cikinsu. In kuwa suna cikin ganuwa tare da mata da yara, ya hana ƙonawa da nutsarwa. Ku auna aikin maƙerin Dimashƙa da wannan ma'auni. Mahara ne suka zo da kansu har bakin bango, babu kowa a cikin hasumiyar sai masu makami, an yi kwana 8 ana gwada wasu hanyoyi sun gaza, kuma ya yi aikinsa ne da izinin shugaban garin.

Wanda aka riga aka kama kuwa, maganarsa daban ce. Ibn Ƙudama ya faɗa a cikin Al-Mugni cewa maƙiyin da aka samu iko a kansa bai halatta a ƙona shi ba, ya kuma ce bai san wani saɓani a kan haka ba. Saboda haka ƙungiyar nan ta Da'ish da ta sanya matuƙin jirgin saman Jordan cikin keji ta ƙona shi, ta yaɗa hoton a watan Fabrairu na 2015, ba ta da mafaka a labarin Akka, kuma malaman Azhar da wasunsu sun yi tir da ita. Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Janairu na 2015, ranakun 16 da 17, an cinna wa majami'u da shaguna wuta a Damagaram da Yamai da sunan fushi domin Manzon Allah (S.A.W.), rayuka suka salwanta. Fushi a kan zanen ɓatancin da wata jarida ta Faransa ta yi, kowane Musulmi ya ji shi. Amma maƙwabcinka Kirista ɗan ƙasa ba shi ya yi zanen ba, ba maharin ganuwa ba ne, akwai amana tsakaninka da shi, kuma ɗakin bautarsa yana cikin abin da Sayyidina Abubakar ya hana taɓawa ko a ƙasar yaƙi.

Haka ɓarawon da aka kama a kasuwa aka rataya masa taya aka zuba masa fetur. Ba a yaƙi, kamamme ne a hannu, mafi yawan lokaci Musulmi ne, kuma hukuncin sata a shari'a bai kai ga kisa ba, balle ƙonawa, kuma alƙali ne ke yanke shi bayan shaidu ko iƙirari. Wanda ya kawo man, da wanda ya ƙyasta ashana, da wanda ya riƙe shi, dukansu sun yi tarayya a cikin jininsa. A mazhabar Malik jama'a in suka haɗu suka kashe mutum ɗaya da gangan, ƙisasi yana hawa kansu duka. Allah ne mafi sani.